Atamfar gida da ta China: abin da na gani a wani shago a Kwari

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda na sa hoton atamfofin lefen ƙanina ake ta tambayata a ina na saya, kuma wai da gaske ne har yanzu ana samun atamfar da aka buga a Najeriya ko dai faɗa kawai nake, to bari in yi bayanin gaba ɗaya a nan kowa ya huta. Eh ana samu. A Kantin Kwari na saya, shagon wani dattijo ne a saman bene, ba wani babban shago bane kuma baya talla a Facebook ko TikTok, wadda take son kwatance ta same ni ta inbox. Shagon ya yi min, zan koma in sha Allah kuma zan tura mutane, amma akwai abubuwan da basu min ba su ma zan faɗa, don bana son wata ta je ta dawo tace na rufe ta.

Abin da ya fara burge ni shine gaskiyar mutumin. Kina shiga kika ce atamfa kike so zai fara tambayarki ta sawa ce, ko ta lefe, ko ta anko, sannan ya nuna miki kanta uku da ya ware. Ni da na nuna wata mai ruwan goro da ta ɗauki idona cewa yayi, "Hajiya wannan China ce, roba ce, kar ki duba abin da aka rubuta a bakinta. Waccan ta gefenta ita ma China ce amma auduga ce. Ta gida kuma ga ta can ƙasa, ita kenan ta rage min." Duk wadda ta saba shiga Kwari ta san ba kowa ke miki haka ba, wani shagon sai a ɗauko miki turmi da sitika mai walƙiya a rantse miki Holland ce, wani ma an rubuta masa an yi shi a Najeriya ɓaro-ɓaro a baki alhali daga jirgin ruwa ya sauka, don har sunayen kamfanonin gida da zanensu ake kwaikwaya a bugo a waje. Shi kuwa Alhajin da na nuna alamar ban gamsu ba sai ya sa yaronsa ya zaro zare ɗaya daga gefen kowane turmi, ya kunna ashana. Na audugar ya ci wuta lafiya lau, ƙaurinsa kamar na takarda, ya bar toka mai laushi da na murza ta baje a yatsana. Na robar kuwa sai ya nannaɗe yana gudun wutar, ya narke ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri, ga warin leda. Yace min ko a ina zan sayi atamfa in aka hana ni wannan gwajin in ajiye in tafi. Ya kuma juya min turmin ta baya, yace in duba ko rinin ya ratsa, don mai kyau gaba da baya kusan ɗaya suke, mai arha kuwa bayanta fari-fari ne, a sama kawai aka shafa mata kala.

Na ɗauki kala ukun duka, don lefe ne kuma aljihu ba zai ɗauki ta gida zalla ba ko da akwai ta. Na kuma cire wa kaina turmi ɗaɗɗaya na kai ɗinki, shi yasa nake iya magana a kansu.

Ta gidan tana da nauyi a hannu, da farko ma za ki ji ta ɗan yi tauri saboda sitaci, amma wankin farko ta saki jiki ta yi laushi. Ta ɗan zuba kaɗan a ruwan farko, daga nan shikenan, kalar ta zauna. Abin da na fi so da ita shine zafi, na sa ta ranar da ake tsala rana na shiga kasuwa na dawo ban ji ina dahuwa a ciki ba, tana shan gumi. Telana ma da ya karɓa sai da ya ɗaga kai ya dube ni yace Hajiya ina kika samo wannan, rabon da in ɗinka irinta an jima, yace tana kwanciya a ƙarƙashin keke bata zamewa, kuma ana iya danna mata guga da zafi ba fargaba. Aibinta zane. Gaskiya zanen tsofaffi ne, kalolin kuma basu da wannan ɗaukar idon da 'yan mata ke so yanzu, zaɓin ma kaɗan ne ƙwarai, duka-duka abin da na tarar bai cika kanta ɗaya ba. Kuɗinta kuma ya kusa ninka na robar.

Ta China mai audugar ba zan yi mata ƙarya ba, tana da kyau. Ta fi ta gidan sirantaka kaɗan amma zanenta ya fi fita, bata zuba ba, kuma kuɗinta na ƙasa da na gidan. Masu cewa duk kayan China banza ne basu faɗi daidai ba, abin da ɗan kasuwarmu ya biya shi ake buga masa, in yace a yi masa mai kyau za'a yi, in yace a yi masa na talaka za'a yi. Ita kuwa robar, a ido ta fi kowacce kyau ranar farko, tana sheƙi, bata yamutsewa, amma wallahi sa ta da rana azaba ce, gumi baya fita, kuma dutsen guga ya ɗan wuce zafi sai ya bar mata tabo mai ƙyalli a kafaɗa. Wadda take girki da itace ko gawayi don Allah ta yi hankali da ita, tartsatsi ɗaya ke huda ta, in kuma ta kama wuta manne wa fata take.

Abubuwan da basu min ba a shagon: matattakalar benen ƙunci gare ta, ga 'yan dako na hawa da sauka da dila a ka, dattijuwa ko mai ciki za ta sha wuya. Wajen zama benci ɗaya ne. Alhaji baya son doguwar ciniki, in ya faɗi kuɗi abin da zai rage miki kaɗan ne, kina tayawa ƙasa zai ce albarka ya juya ga wani, ni kuma na saba a ja a ja. In kin yi tiransifa sai ya ga alat da idonsa kafin a ɗaure kaya, ranar netwok ya ƙi na daɗe a zaune. Sannan babbar matsalar, ba kullum ake samun ta gidan ba, yace wani lokacin sai ya yi wata da watanni yana jiran kaya daga kamfani, ta China kuwa waya ɗaya zai buga a kawo masa ko dila nawa yake so kafin la'asar.

Wannan maganar tasa ce ta tsaya min a rai, don ni 'yar Kakuri ce a Kaduna, a can aka haife ni, kuma mahaifinmu ma'aikacin masaƙa ne, a sashen kaɗin zare ya yi aikinsa. Yaran yanzu in kace musu akwai lokacin da atamfar Najeriya ce ta cika Kwari har ana fita da ita Nijar da Kamaru da Chadi da Ghana sai su ga kamar tatsuniya kake. Kaduna Textiles, wato KTL, a 1957 ta fara aiki zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. Bayanta Nortex ta zo, sai United Nigerian Textiles, wato UNTL, a 1964, sai Arewa Textiles wadda mutanen Japan ke ciki, daga baya ga Finetex da sauransu, duk a kudancin garin Kaduna. Kano ma tana da nata a Bompai da Sharaɗa da Challawa, irin su Gaskiya da Bagauda, ga Funtua, ga Gusau. A tsakiyar shekarun 1980 ana lissafin masaƙu kusan 175 a ƙasar nan, kuma in aka cire gwamnati babu inda ya kai su ɗaukar ma'aikata. Adams Oshiomhole da ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa har ya yi gwamnan Edo, a Arewa Textiles ya fara aiki, daga ƙungiyar ma'aikatan masaƙa ya taso.

Abin da na fi tunawa shine lokacin canjin aiki. Jiniya na kaɗawa titi zai cika maƙil da kekuna, masu fita da farin ƙurar auduga a gashin kai da gira, masu shiga da kwanon abinci a ɗaure a bayan keke, Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe da Ibo da Igala duk a layi ɗaya. Aiki uku ake a rana, safe da yamma da dare, inji baya tsayawa. Innarmu shinkafa da wake take sayarwa a bakin get, kuma a littafi take rubuta bashi don ta san ƙarshen wata albashi zai fito kowa zai biya. Mai gyaran keke, mai gidan haya, mai shayi, tela, mai kemis, malamin makarantar kuɗi, duk a jikin wannan albashin suke. In kika koma baya kuma ga manomin auduga a Funtua da Malumfashi da Gusau da Gombe yana kai kayansa fuloti a auna, ga masu gurza, ga direbobin da ke ɗaukowa. Turmi ɗaya na atamfar gida mutane da yawa ne suka ci abinci a kansa kafin ya iso kantar Alhaji.

Yadda abin ya rushe ba rana ɗaya bane. A 1986 aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP zamanin Babangida, naira ta faɗi, kayan gyaran inji da sinadarin rini da ake sayowa waje suka yi tsada, a shekarar ce kuma aka rushe hukumar da ke sayen auduga, manomi ya rasa tsayayyen farashi da ingantaccen iri, da yawa suka koma masara da waken suya. Najeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya WTO a 1995, a 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. China ta shiga ƙungiyar a ƙarshen 2001, sannan a farkon 2005 aka kawo ƙarshen tsarin ƙayyade yawan yadin da ƙasa za ta iya fitarwa, wanda ya daɗe yana taka wa manyan masu saƙa na Asiya birki. To ki haɗa wannan da kamfanin da ke Kakuri wanda NEPA bata bashi wuta, sai ya kunna janareta, baƙin man da yake dafa tukunyar tururi da shi ya yi wuya, injinsa tun na shekarun 1960 da 1970, bashin banki da ruwa mai yawa, audugar da ake kawo masa kuma cike da zaren buhun leda wanda in ya shiga saƙa baya kama rini. Ta ina zai yi gasa da wanda ke da wuta dare da rana da sabon inji? KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, UNTL da ta fi kowacce girma ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007, dubban mutane suka koma gida a lokaci guda.

Gwamnati ta yi ta hanawa tana buɗewa. Zamanin Obasanjo an sake haramta shigo da atamfa, amma haramcin a takarda ya tsaya, kwantena na sauka a Kwatano da Lome, a hau da ita Nijar ta Maraɗi da Birnin Ƙonni, a tsallako da ita ta Jibiya da Illela da Maigatari da dare, da safe tana Kwari. Wanda bai biya kwastan ba kuma dole ya fi wanda ke biyan haraji da albashi arha. A 2010 aka ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu, wasu sun ɗan motsa har UNTL ta sake buɗewa, amma bashi baya kawo wuta. A 2015 aka cire haramcin aka koma karɓar haraji, a 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dala a farashin gwamnati, aka kuma rufe boda daga watan Agustan shekarar har Disambar 2020, a 2023 aka janye hanin dalar. Duk mai son zuba kuɗinsa a masaƙa in ya kalli wannan jeka-ka-dawon ai sai ya fasa.

Mu a gidanmu abin da ya biyo baya shine Baba ya dawo da takardar sallama da alƙawarin za'a biya haƙƙinsa, ya yi ta zarya da fayil ɗinsa a leda, taro yau taro gobe, har Allah ya karɓi ransa kuɗin nan basu fito ba. Mutumin da ya ƙware a inji, yana jin ƙararsa ya san inda matsala take, ya ƙare yana gadi a wani gida da dare. Abokan aikinsa wasu acaɓa suka koma da furfurarsu, wasu suka tafi ƙauye, wasu 'ya'yansu suka bar makaranta. Innarmu ta daina dafa shinkafar don ba mai saya, littafin bashin ma haka ya tafi da kuɗinta a ciki, kuma bata taɓa bin kowa ba don ta san babu ne. Masu cewa ai in wani aiki ya mutu wani zai fito, eh ya fito, amma ba a Kakuri ya fito ba, kuma ba wa mai shekara hamsin da bai iya komai ba sai kaɗin zare ya fito ba. Ni har ga Allah ina ganin yawan zaman banzan da matasan unguwannin nan suka shiga bayan rufe masaƙu yana da hannu a saurin kamawar rigima a Kaduna, wanda zai tashi aikin asuba tare da maƙwabcinsa ba kasafai yake fita ƙona masa gida ba.

Duk da haka ba zan ɗora wa 'yan China laifin duka ba, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ita kanta UNTL ɗin da muke kuka a kanta, wanda ya kafa ta Cha Chi Ming ɗan China ne da ya zo daga Hong Kong, ya kafa inji a nan ya ɗauki 'ya'yanmu aiki. Bambancin kenan, wancan ya kawo masaƙa, na yanzu turmi ake kawowa. Kuma su wa suka fara ɗaukar samfurin atamfar gida suna kaiwa Guangzhou a bugo musu irinta sak a rabin kuɗi? 'Yan kasuwarmu ne. Su wa ke buɗe hanya da dare a boda? Namu ne. Alhajin shagon da kansa yace min shi ma ya yi zuwa China shekarun baya, kuma ya samu alheri, ya gina gida ya aurar da 'ya'ya, bai ɓoye ba. Sai da abin ya juyo kansu, masu kamfanin suka gane hanya suka biyo kayansu har Kano suka kama sito suna sayar wa kowa kai tsaye, sannan manyan Kwari suka fara kuka. A 2012 hukumar shige da fice ta kama 'yan China 45 a Kano kan harkar sayar da yadi a kasuwa. A 2015 kuma marina ne suka yi zanga-zanga har fadar Sarkin Kano saboda ana shigo da yadin da aka buga masa zanen rini irin nasu daga waje. Ki duba fa, karofin Ƙofar Mata tun 1498 ake rini a cikinsa, yau ki leƙa ki ƙirga ramukan da ke da baba a ciki da waɗanda suka bushe.

Akwai kuma gaskiyar da dole in faɗa ko da bata min daɗi. Atamfar China ta rufa wa talaka asiri. Ina zaune a shagon wata baiwar Allah ta shigo da kuɗinta a ƙulle a bakin mayafi, 'ya'ya mata huɗu take son yi wa kayan sallah, Alhaji ya haɗa mata robar turmi biyu yace in tela ya iya yanka za su ishe su, ta fita tana ta sa masa albarka. Wannan matar ba zan iya ce mata ta sayi ta gida don kishin ƙasa ba, da me za ta saya? Ana cewa araha bata ado, amma 'ya'yanta za su fita ranar idi da sabon kaya kamar na kowa. Kuma Kwari ɗin nan cike take da masu cin abinci a jikin kayan waje, yaran shago, 'yan dako, 'yan kamasho masu tare ki a bakin layi, masu baro, masu POS, teloli, ga mata irinmu da ke sara suna sayarwa a WhatsApp. Baƙi daga Nijar da Chadi da Kamaru har yanzu nan suke zuwa sari. In aka ce gobe an hana shigowa da ita kwata-kwata ba tare da an tada masaƙa ko ɗaya ba, waɗannan ne za su fara kwana da yunwa.

Sai dai aikin ba iri ɗaya bane, kuma a nan ne nake saɓawa da masu cewa ai duk ɗaya ne. Yaron da ya zaro min zaren nan na ɗan ja shi da hira lokacin da nake jiran alat, nace ƙanina ka yi makaranta kuwa, yace Anti na gama difloma. Ba shi da albashi tsayayye, kuɗin abinci da na mota ake bashi kullum sai ɗan ihsani in an yi ciniki, fatansa bayan wasu shekaru maigida ya sallame shi da jari. Alhajin mutumin kirki ne ina kyautata zaton zai yi masa, amma wannan ya rataya ne a kan kirkin mutum ɗaya. Baba a masaƙa yana da albashi, da kuɗin ƙarin lokaci, da asibitin kamfani, da hutun shekara, da ƙungiyar da in an taɓa shi za ta tsaya masa, kuma ya koyi sana'ar inji. Ɗan dakon da ke hawa benen nan da dila a ka ranar da bayansa ya ƙi shikenan ranar ba abinci. Sannan kaɗi da saƙa da rini da bugu, inda mafi yawan aikin da ribar suke, duk an yi su a can, mu namu ɗauka da saukewa da talla. Auduga ɗin ma da muke nomawa babu isassun masu sayenta a gida.

Na tambayi Alhaji me yasa yake wahalar da kansa da ajiye ta gidan tunda ribarta kaɗan ce kuma tana daɗewa a kanta. Yace akwai dattawan mata da ita kaɗai suke nema, in babu su juya, kuma shi da ita ya fara kasuwa yana yaro, baya son ranar da za'a tambaya yace babu. Yace matsalar kamfanonin gida da suka rage ba rashin iyawa bane, oda ce babu, in da makarantu da asibitoci da masu kaki za su riƙa sayen yadinsu a gida da gaske da inji bai kwanta ba. Dokar ma akwai ta, a 2017 Osinbajo yana riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa ya sa hannu a umarnin da yace ma'aikatun gwamnati su fifita kayan gida wajen saye, kaki na ciki, aiwatarwar ce sai a hankali. Ni kuma nace masa su ma kamfanonin su taimaki kansu su ɗauki yara masu zanen zamani, don ba yadda za'a yi amarya 'yar shekara ashirin ta zaɓi zanen da kakarta ta ɗaura, ya yi dariya yace wannan gaskiya ne Hajiya, ya sha faɗa wa wakilinsu.

Don haka ga masu tambaya. In kayan yau da kullum kike so, na shiga kicin da zuwa kasuwa da zafin nan namu, ki ɗauki ta gidan in kin samu, kuɗin da kika ƙara za ki ci shi a daɗewa da jin daɗin jiki. In ta fita biki ce kuma zane kike bi, ta China mai audugar ba laifi. Robar ki bar ta sai in ba yadda za ki yi, kuma kar ki ɗinka wa ƙananan yara masu wasa kusa da murhu. A lefen ƙanina na sa ta gidan guda uku a saman akwati, da aka kai gwaggon amarya ce ta fara ɗagawa ta shinshina ta murza tace wannan irin ta da ce, ta ware wa kanta ɗaya a take.

Masu haɗa anko ku ne ma kuka fi kowa iya taimakawa, don ku kuke ɗaukar turmi hamsin ko ɗari a lokaci ɗaya, Alhaji yace in aka bashi lokaci kamar wata biyu kafin biki zai iya nemo kala ɗaya mai yawa daga kamfani, amma ba'a zo masa saura sati ba. In za ki je ki je da safe kafin azahar, bayan nan layin baya shiguwa saboda motocin sauke kaya, ranar Juma'a kuma da wuri yake rufewa. Ki tafi da tsabar kuɗi ko da rabi ne saboda netwok, kuma ki ce a auna miki turmin a gabanki ki ga yadi shida ya cika, shi baya jin haushin hakan.